Jan Ƙarfe a Kusurwar Allo

Ban taɓa ganin mutumin da na gada ba. Ya rasu a hutun bazara, saura kwana kaɗan a koma makaranta. Wai yana sharar gona ya zauna a gindin ɗorawa ya ce bari ya huta, bai sake tashi ba. Shi ne malamin kemistiri na wata sakandaren je-ka-ka-dawo a wani ƙauye da ke wajen Ƙarfi, kuma ya daɗe a wurin har ya koyar da 'ya'yan waɗanda ya koyar. Ni kuwa ko shekara ban yi da gama karatu ba aka ba ni takardar kama aiki, aka ce in je in ɗora daga inda ya tsaya. Na bar gidanmu a Funtua na sauka wurin gwaggota a Malumfashi. Kullum da safe in hau bas, in sauka a bakin titi, in hau babur ya ƙarasa da ni.

Bari in faɗi halina tun yanzu, kada a ce na ɓoye. Ina da baki, ina da saurin hawa. Innarmu takan ce harshena ya riga hankalina zuwa duniya, kuma ba ta yi mini ƙarya ba. To sai na tarar da makarantar da ba a iya gama magana ba a sako marigayin ba. Ba sa ma kiran sunansa, Malam kawai. Malam yakan fara da kaza. Malam ba ya zama in yana koyarwa. Malam ya ce a riƙa buɗe taga. Shugaban makaranta ya faɗa, yara su faɗa, har Baba maigadi da ya miƙo mini makullin ɗakin gwaji sai da ya ce, "Ga shi, Malama, na Malam ne." Na karɓa na ce a raina, to yanzu dai nawa ne.

Ɗakin gwajin shi ne na ƙarshe a jerin ajujuwa, daga bayansa sai gonakin masara. Dogayen tebura uku ne a ciki, da kabad cike da kwalabe waɗanda gara ta cinye takardun jikinsu, da taga mai sandunan ƙarfe, ɗaya daga ciki ta ɗan lanƙwashe. Ƙofar ta ƙarfe ce, da ƙaton kwaɗo. An taɓa satar asid a ɗakin, don haka shugaban ya kafa doka tun kafin zuwana: duk ɗalibin da aka samu ya shiga ba da malami ba, kora ce, babu roƙo. Allon na siminti ne a jikin bango. Kafin in zo Baba maigadi ya shafe shi da garin tsohon batir da ƙaro, ya yi baƙi ƙirin, babu ko ɗigon alli. Wannan ya yi mini daɗi.

A mako na uku na zo yi wa 'yan aji biyar bitar rubuta tsarin ilektiron. Ga wanda bai yi kemistiri ba, abin ba wuya. Kowane sinadari yana da adadin ilektiron ɗinsa, kuma ba a watse suke zaune ba, ɗakuna gare su da ake cikawa bi da bi. Ɗakin farko, 1s, biyu yake ɗauka. Sai 2s, biyu. Sai 2p, shida. Sai 3s biyu, 3p shida, 4s biyu, sannan babban ɗaki, 3d, mai cin goma. Ka ɗauki adadin ka yi ta rabawa ɗaki-ɗaki har ya ƙare, ka rubuta yawan na kowane ɗaki a samansa, shi ke nan. Ina son darasin nan don a ganina ba shi da jayayya, layi ne kowa ya bi.

Muka fara, ina zaɓo wasu sinadarai ina tsallake wasu, yara na amsawa da murya ɗaya. Na zo kan lamba ashirin da tara, jan ƙarfe. Ɗakuna biyar na farko suka cinye goma sha takwas, saura sha ɗaya. Na ba 4s biyu, na ba 3d tara. Na rubuta 4s² 3d⁹ a tsakiyar allo, na ja layi a ƙarƙashi, na karkaɗe hannu.

Sai na ga hannu a sama. Wata 'yar gajeruwar yarinya ce da ke zama a ƙarshen bencin mata, kusa da taga. Ita kaɗai ke ɗaura ɗankwali a ajin, sauran duk hijabi. Bamagujiya ce, daga wata unguwar manoma da ke tsallaken rafi, waɗanda suke kan addinin kakanninsu. An gaya mini ita ce ta farko daga unguwarsu da ta kai wannan ajin, kuma marigayin da kansa ya taka har gidansu ya roƙi ubanta ya bar ta ta ci gaba. Saura mata shekara guda ta rubuta jarrabawar gamawa.

Na ce, "Mene ne?"

Ta miƙe ta ce, "Malama, Malam ba haka yake rubuta na jan ƙarfe ba. Ya ce in babban rumbu..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na buga tebur na ce, "Malam! Malam! Kun ishe ni da Malam! Malam yana kabari, ni ce a gabanku. In yana da gyara, ya taso ya gyara!"

Ajin ya yi tsit. Ba irin shirun da yara ke yi don tsoron bulala ba. Na ji wata daga baya ta ce a'uzubillahi ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta dube ni, ba da raini ba, kamar dai tana jin tausayina, ta zauna. Ni ma na san na yi ɓarin baki, amma magana zarar bunu ce. Na juya na ci gaba da darasi, allin ya karye a hannuna har sau biyu.

Da na koma Malumfashi, kafin ma in ci abinci na zaro littafina na kwaleji. Yarinya ta yi gaskiya. Jan ƙarfe ba ya bin layi. Ilektiron ɗaya yakan bar 4s ya koma ya cika 3d ya zama goma cif, don cikakken ɗaki ya fi zama daram. 4s¹ 3d¹⁰ ake rubutawa. Wallahi na san shi, an koya mana, na ma amsa shi a jarrabawa. Ya fice mini ne kawai. Na zauna a bakin gado kunya na cin raina. Sai na yanke shawara irin ta masu girman kai: zan bari a yi mako guda, in kawo shi kamar sabon darasi, ba sai kowa ya tuna wa ya fara faɗa ba. Ina cikin wannan lissafin hadari ya taso, aka sheƙa ruwan farko mai ƙarfi na shekarar, tun la'asar har magariba.

Washegari na buɗe kwaɗon da hannuna, yara na biye da ni. Ɗakin na warin danshi. Rubutuna na jiya yana nan a tsakiyar allo. Amma can sama, a kusurwar dama, inda hannuna ba ya kaiwa, ga wani rubutu fari-fari, dishi-dishi, kamar an yi shi da jiƙaƙƙen alli: Cu 4s¹ 3d¹⁰. Cu ita ce alamar jan ƙarfe. An zagaye ɗayan nan na saman s da da'ira.

Wata yarinya ta ƙwala ihu, "Hannun Malam ne!" Sai ajin ya hargitse. Wasu suka yi waje da gudu, wasu suka tsaya suna salati. Suka ce nan ne daidai inda yake rubutawa, shi dogo ne, kuma haka yake zagaye ɗayan. Ba zan yi ƙarya ba, na tsorata. Jiya-jiyan nan na ce ya taso ya gyara.

Amma ni tsoro ba ya daɗewa a jikina bai koma fushi ba. Na ja benci na hau, na goge rubutun da tsumma. Na ce kowa ya kawo littafinsa. Na bi ɗaya bayan ɗaya har na zo kan na yarinyar nan mai ɗankwali. Ga shi nan: d ɗinta mai lanƙwasasshen kai, irin na kan allon sak. Daga baya na gane rabin ajin haka suke yin d, a wurin Malam suka koya, amma a ranar nata kaɗai idona ya gani.

Na ce, "Ke ce."

Ta ce, "Malama, ba ni ba ce."

Na ce, "Ki sake, ki gani."

Na sayi sabon kwaɗo a kasuwar Malumfashi, na rataya makullin a wuyana. Bayan kwana huɗu na buɗe ƙofa da safe, rubutun ya dawo. Wuri ɗaya, hannu ɗaya, da da'irarsa. An yi ruwa a jajibirin ranar, amma ban haɗa biyun ba. Wa ke lura da ruwa a damina?

Ranar na zauna na rubuta wa shugaban makaranta takarda. Na ce yarinyar na shiga ɗakin gwaji ta sandar tagar da ta lanƙwashe, tunda ƙarama ce, tana hawa benci tana kwaikwayon hannun mamaci don ta tozarta ni ta firgita 'yan aji. Shugaban dattijo ne mai sanyin hali. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin gan ta da idonki?"

Na ce, "Ban gan ta ba, Yallaɓai. Amma wa ya yi musu da ni a kan wannan layin? Wa ke da irin hannun?"

Ya ce, "To abin da ake rubutawar, daidai ne ko kuskure?"

Na ce, "Ba wannan ce maganar ba, Yallaɓai. Maganar ita ce dokar da kai ka kafa."

Ya ce zai aika a kira ubanta ranar Alhamis da azahar.

Kafin Alhamis magana ta riga ta canja kama. A ofishin malamai wani ya je ya gwada tagar, ya dawo ya ce ko kyanwa sai ta matse kafin ta wuce ta sandar nan. Na ɗauka hakan zai wanke ta. Ina! Sai wata malama ta rage murya ta ce, "Ai ba sai ta shiga da ƙafarta ba. Ba ku san gidansu ba ne? Tsafi a wurinsu gado ne. Ita ta taso marigayin." Aka yi ta gyaɗa kai. In ta taga ta shiga, ɓarauniya ce. In ba ta taga ba, matsafiya ce. Ba a bar mata ƙofa ta uku ba. Ina zaune ina ji, na san ba ni da hujjar ko ɗaya, ban ce uffan ba, don maganar tana gefena.

Yara kuwa sun fi manya saurin ɗauka. Bencin da take zama ya koma nata ita kaɗai. In ta sha ruwa a randar makaranta, ba mai taɓa moɗar sai an wanke. Na ga wannan da idona. Tana zuwa kullum, ta zauna a bakin tagarta, ta kwafi abin da na rubuta, har da kuskuren da ban gyara ba.

Ranar Laraba na sa Baba maigadi ya sake shafe allon gaba ɗaya. Ya dube ni kamar zai yi magana, na ce, "Baba, sauri nake." Ya ɗauki bokitinsa ya yi abin da aka sa shi.

Alhamis da hantsi rana ta buɗe fes. Na duba allon, baƙi ƙirin, har kusurwa. Da aka kusa azahar na shiga ɗakin gwajin ni kaɗai da takardun da zan yi wa maki, kafin shugaban ya kira ni. Na sa sakata ta ciki. Ta taga ina hango barandar ofis a ɗaya gefen fili. Yarinyar na zaune a kan dakali, kusa da ita wani siririn mutum mai furfura, ya ɗora malafarsa a gwiwa, ƙafafunsa duk taɓon gona. Ubanta ke nan.

Ban san lokacin da gabas ta haɗe ba. Na ga dai takardar gabana ta yi duhu. Iska ta taso, masarar bayan ɗakin ta kwanta ta tashi, awakin da ke kiwo a fili suka ruga gindin baranda. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kwanon rufin ya ɗauki ƙara har ba na jin numfashina. Tsakar rana ce, amma ɗakin ya koma kamar bayan magariba.

Warin alli na fara ji. Ba ni da alli a hannu, kwalin yana rufe a kabad. Na ɗaga kai.

A kusurwar dama ta sama baƙin allon ya fara sheƙi, danshi na faɗaɗa a hankali. A tsakiyar danshin wani ɗan fari ya ɓullo, ya lanƙwasa ya zama C. Na dubi taga. Yarinyar na nan a kan dakali, ta rungume littattafanta don kada feshi ya jiƙa su. Na dawo da ido, u ta fito. Sai 4. Sai s. Ba gaba ɗaya suke fitowa ba, bi da bi, daga hagu zuwa dama, yadda mutum ke rubutu in ba ya sauri. Na sake duban taga, tana nan, ba ta ko kallon wajena. Na fara ayatul kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma farko. 3d ta fito da lanƙwasasshen kanta, goma ta hau samanta. Da'irar ce ta zo ƙarshe. Ta faro daga saman ɗayan, ta zagayo ta ƙasa, ta dawo ta haɗe.

Ni kaɗai ce a ɗakin, sakata a rufe. Na ji bakina ya ce, "Malam, na ji. Na ji."

Ga inda nake so a fahimce ni da kyau, don na daɗe ina gaya wa mutane cewa tsoro ne ya hana ni fita. Ƙarya ce. Tsoron bai fi na 'yan mintoci ba. Ko me ya yi rubutun nan, na riga na ga ba yarinyar ba ce, kuma tsakanina da ofis ba nisa, jiƙewa ce kawai. Abin da ya zaunar da ni shi ne, in na je zan tsaya gaban shugaban da wannan manomin in ce ta yi gaskiya tun ranar farko, kuma na san haka tun ranar. Na ga shugaban ya fito bakin ƙofa yana yafito hannu wajen ɗakin gwaji. Na ja baya daga tagar, na laɓe a jikin kabad. Na ce bari ruwa ya tsagaita. Na ce bari in shirya abin da zan faɗa.

Da shugaban ya ga ban fito ba, ya shigar da su, ya yi aiki da takardata. Ba su daɗe ba. Na ga uban ya fito cikin ruwan nan, ya kifa wa 'yarsa malafarsa a kai, shi ya bar nasa kan a buɗe. Suka ratsa fili, suka bi ta gefen tagata, suka shige hanyar cikin masara. Da na buɗe baki na kira, da sun ji. Ni mai bakin nan, ranar ban samu murya ba.

Da ruwa ya ɗauke Baba maigadi ya ƙwanƙwasa. Na buɗe, na nuna masa kusurwar da hannu. Ya duba, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ai wannan na Malam ne. Shekara da shekaru yana nan, bai taɓa bari a goge shi ba. Duk Litinin sai ya bi kansa da alli, yana dannawa kamar mai jin haushinsa. Allin ya ci simintin. Kwano kuma yana yoyo ta bayan kusurwar nan, in bango ya sha ruwa sai ya turo shi waje. Ni na rufe shi da baƙi da ya rasu."

Na ce, "Baba, ka sani, ka yi shiru?"

Ya ce, "Jiya na so in faɗa miki, kika ce sauri kike. Kuma wa ke tambayar maigadi?"

Da la'asar ɗin nan na shiga wurin shugaban na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Ya ce ya janye korar, in je da kaina in gaya musu. Ranar Juma'a na tsaya gaban 'yan aji na ce ni na yi kuskure, ita ta yi daidai, na rubuta 4s¹ 3d¹⁰ a tsakiyar allo, na sa Baba ya zo ya yi musu bayanin yoyon. Suka saurara da ladabi. Na ga idanunsu, ba su yarda da maganar yoyo ba.

Ranar Asabar na ɗauki babur zuwa unguwarsu. Rafi ya kawo, sai da na sauka na tattare zani na tsallaka da ƙafa. Na tarar da uban yana noma a gonar ƙofar gida. Ya ajiye garma, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya. Daga cikin gida ana daka. Da na fara magana, dakan ya tsaya.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara. Ni na yi wa 'yarka ƙazafi. An janye korar, ta dawo ranar Litinin."

Ya ce, "Kin kyauta da kika tako, Malama. Amma abu biyu aka ce. An ce 'yata ɓarauniya ce, an ce matsafiya ce. Wanne kika zo janyewa?"

Na ce duka.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Na farkon takarda ce, ana yagawa. Na biyun ya riga ya shiga kasuwa. Jiya uwarta ta kai daddawa, ba wanda ya taya. Wancan malamin da ya zo nan, a kan tabarmar nan ya ce mini in ba shi ita amana, ba wanda zai tambaye ta me ake bauta wa a gidansu. Na ba shi. Ya mutu, amanar ta dawo mini. Ba zan mayar da ita inda ake wanke moɗa in ta sha ruwa ba."

Na roƙe shi, na yi kuka, abin da ban saba ba. Na koma sau biyu bayan nan, sau ɗaya tare da shugaban. Kullum a shimfiɗa mana tabarma, a kawo ruwa, a raka mu har bakin rafi. Ba ta dawo ba. Shekarar da ta zagayo 'yan ajinta suka rubuta jarrabawar gamawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai iya tsarin jan ƙarfe ba, don na bi su da shi kamar mai ramuwa.

Akwai abin da har yau ban samu kansa ba. Ruwan watan Agusta na shekarar ya fi na farkon damina nesa ba kusa ba, kuma ba a gyara kwanon ba sai bayan damina biyu. Na ga bangon nan ya jiƙe sharkaf, har yana tsatsafo da ruwa. Duk safiyar da aka kwana da ruwa sai na buɗe ƙofa na kalli kusurwar. Tun ranar da na rubuta daidai a gaban aji, bai sake fitowa ba, ko ɗigo. Na tambayi Baba maigadi. Ya ce watakila allin ne ya ƙare. Sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," ya wuce.

Shekaru sun ja. Na yi aure, na haihu, ina nan a makarantar, har an fara cewa Malama ta ce kaza, Malama ba ta son kaza. Wata ranar kasuwar Malumfashi ina layin 'yan gwari ina taya tumatir, na ji an ce, "Malama, sannu da zuwa." Wata mata ce gajeruwa da goyo, a bayan tulin tumatir da attaruhu. Ɗankwalin na fara ganewa, sannan idon: yarinyar nan ce. Na rasa inda zan sa kaina. Muka gaisa, na tambayi babanta, ta ce ya rasu bara. Na yi mata ta'aziyya. Tana zuba mini tumatir a leda ta ce, "Malama, har yanzu yana fitowa?"

Na ce, "A'a. Tun shekarar nan bai sake ba."

Ta ce, "To, kin gyara ke nan."

Na ce na gyara. Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Ranar nan kin fara wata magana, ta rumbu, na katse ki. Me kika so ki ce?"

Ta yi dariya, ta gyara goyonta. Ta ce, "Har kin tuna? Malam ne yake cewa, in babban rumbu saura dami ɗaya ya cika, ba ka barinsa haka. Sai ka ɗauko ɗaya daga ƙaramin rumbu ka cika shi, ka rufe, hankalinka ya kwanta. Haka jan ƙarfe yake yi. Ɗaya a 4s, goma a 3d." Ta faɗe shi tiryan-tiryan, kamar jiya ta bar aji.

Ta ci gaba tana ɗaure ledar. "Ya ce mana shi ma da ya fara aiki, shekara biyu ya yi yana koyar da shi yadda kika rubuta, sai wani ɗalibi ya gyara masa. Shi ya sa ya rubuta shi a kusurwa yake bin kansa duk Litinin, don kada ya manta ya taɓa kuskure. Ya ce duk malamin da ya zo bayansa sai ya faɗa ramin nan, in mun ga haka mu gaya masa a hankali, mu ce Malam ma ya yi, don kada ya ji kunya. Abin da na ɗaga hannu in gaya miki ke nan, Malama."

Ta ƙara mini tumatir uku gyara, ta juya ga wata mai saye. Na tsaya a wurin da leda a hannu, har sai da mai tura kurar kaya ya yi mini magana sau biyu in ba shi hanya.